Tukunyar da Kaka Ta Binne Ranar Sallah

Ranar Ƙaramar Sallah ce, wata Litinin, a shekarar da azumi ya faɗo mana tsakiyar sanyi, ina da shekara tara ko kusa da haka. Maza sun tafi Idi, har Baba da ƙafarsa mai ciwo ya hau jaki ya bi su. Gidanmu na Sara ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan jariri daga ɗakin Inna da ƙarar kara yana ci a murhu. Ina tsugune ina ɗumama hannu, sai na ga kakata ta buɗe tukunyar shinkafa da wake, ta ɗebo ƙwayar wake ɗaya ta matsa tsakanin yatsu. Da idona na gani, bai fashe ba. Amma sai ta mayar da murfi, ta liƙe bakin da ƙullu, ta naɗe hannu da tsumma, ta sauke tukunyar tana tsakiyar tafasa ta nufi kusurwar katanga da ita. Akwai ramin da ta haƙa a wurin tun jajibere, ta zuba masa toka mai zafi ta shimfiɗa ƙaiƙayi. Ta zaunar da tukunyar a ciki, ta dawo ta ɗauki ta biyun, wadda tsohon zakaranmu ke ciki, ta ajiye kusa da 'yar'uwarta. Ta tura ƙaiƙayi a kansu har ya yi tudu, ta rufa tsohon zane, ta ɗora tabarma. Sannan ta koma ta rufe ɗan garwashin da ya rage da toka, ta share gaban murhu tas kamar gidan da ba a taɓa girki ba. Na ce a raina, shi ke nan, azumi ya taɓa kan tsohuwa.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san dalili ba zai ce rowa ce ko hauka. A zamaninmu mace in ta haihu, da tafasasshen ruwa take wanka safe da yamma har kwana arba'in, ana tsoma ganyen runhu ana fyaɗa mata a jiki. Mun yarda cewa in aka rage mata ko da yini ɗaya, sanyi zai shige ta ya zauna, ta kumbura, ta yi ta fama har tsufa. Likitocin yanzu sun ce a sassauta zafin, ban musa musu ba, amma a lokacin babu mai jin wannan magana. Itacen wankan kuwa a wuyan miji yake, kuma da shi ake gane gidan da ya san darajar 'yar mutane. Tun cikin Inna yana ƙarami Baba ya fara tara marke da ƙirya a bayan ɗakinta, da niyyar in an gama sussuka ya cika tarin. To, ƙanena Labaran bai jira sussuka ba. Ya sauka ran uku ga azumi, wata guda kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi kamar ɗan tsako. Baba ya shiga daji da bakin azumi, shi da jakinsa, yana kai yana kawowa, har ranar da gatari ya zame ya sare shi a ƙafa. Maƙwabta sun taimaka, wannan ya kawo kaya guda, wancan ya kawo rabi, amma kowa yana da nasa sanyin da nasa 'ya'yan. Sai Kaka ta zauna wata safiya ta raba abin da ke akwai dami dami, ta ɗaure kowanne da kaba, dami ɗaya na yini ɗaya, ta jingine su a jere jikin bango. Suka kai ranar arba'in cif, babu ragi babu ƙari. Na girkin gida ko tsinke babu a ciki.

Tun daga ranar ba a sake dafa mana abinci da itace ba, kuma ban tuna ranar da muka kwana da yunwa ba. Har yanzu in na tuna yadda matar nan ta bi da watan, sai in riƙe baki. Ruwan wankan yamma tun da hantsi take jera shi a rana cikin baƙaƙen tukwane, kafin la'asar ya yi ɗumi, wuta ba ta shan wahala a kansa. In an sauke tukunyar wanka ba ta barin garwashi ya mutu a banza, nan take za ta ɗora kunun kanwar Inna, in ya sauka ta ɗora miya, in miya ta sauka ta tura dankali cikin toka. Tuwo da kara take tuƙa shi, ni ke tura mata ɗaya bayan ɗaya, don shi kara bal yake yi ya mutu, ka juya ka ga toka. Ni da ita muke bin gonaki da safe muna tsintar kututturen dawa da busasshen kashin shanu inda Fulani suka yi zango, ƙafafuna duk sun yi faso, tana shafa mini man kaɗanya tana yi mini tsiya wai ƙafar tsohuwa gare ni. Ƙanzon gindin tukunya ba ya zuwa wurin kaji, shanya shi take yi, ranar da babu kara ta jiƙa ta kwaɗa mana da ƙuli-ƙuli. Wake kuwa ba ta taɓa ɗora shi a bushe ba, sai ya sha ruwa ya ƙoshi. Sunanta aka sa mini, shi ya sa babu mai kiran sunana a gidan, ita kuma takwara take ce mini. Takan ce, "Takwara, wuta baƙuwa ce. In ta zo gidanki, sa ta aiki kafin ta tafi."

Ana saura kwana biyar Sallah saƙo ya zo daga Birnin Kudu. Goggo Hansai ce ta aiko, ƙanwar mahaifin Inna, wadda ta riƙe ta tun tana yarinya har ta aurar da ita. Mace ce mai jiki da murya, irin waɗanda in sun shigo gida kaji ma sukan koma gefe. Ta ji labarin ƙafar Baba. Ta ce ranar Sallah bayan azahar za ta zo ganin jariri, ita da mata huɗu, a motar Kawu Ila mai jigilar kaya tsakanin Kano da Gwaram. Ta kuma ce a faɗa wa mutanen Sara, in itace ya gagare su babu laifi, motar tana da fili, za ta tafi da 'yarta ta ƙarasa mata wanka a gida. Ina bayan rumbu ina wasan 'yar carafke na ji ɗan aiken yana faɗa. Duwatsun suka zube daga hannuna. Na san in aka tafi da Inna ba kwana goma sha biyun da suka rage za ta yi ba. Wata mata a unguwarmu haka danginta suka ɗauke ta, sai da damina ta faɗi aka yi ta aike da ban-baki kafin ta dawo. Ni ba kunyar gida ce ta dame ni ba, wannan ta manya ce. Ni dai in tashi da safe in ga ƙofar Inna a rufe, shi ne abin da ya hana ni cin abinci ranar.

Baba ya kira Kaka zaure, ni kuma na maƙale jikin danga. Ya ce baƙi shida ne har da direba, ga tsohon zakara da ba ya nuna sai ya yini a wuta, ga wake, kara ba zai iya ba. Ko dai a zari dami biyu daga na wanka, ko a buɗe rumbu a kai hatsi kasuwa a sayo itace.

"Rumbun nan na damina ne," in ji Kaka. "In ka buɗe shi yau don baƙin yini ɗaya, ranar da kake noma da yunwa Goggon yara ce za ta kawo maka tuwo gona?"

"To Iya, a zari na wankan, in ƙafata ta warke in mayar."

"Ƙafar da ko masallaci ba ta kai ka? Matar nan abin da za ta fara ƙirgawa ke nan, tun kafin ta kalli fuskar yaron."

"To da me za ki dafa?"

"Kai dai ka yanka mini zakara ka tafi Idinka. Ka taɓa ganin na leƙa gonarka na tambaye ka da me za ka yi huɗa?"

Abin da ya kai mu ga safiyar nan ke nan. Da ta gama rufe ramin sai ta jawo ni ta zaunar a gefen tabarmar, ta ba ni tsumagiya. Ta ce, "Tukunyar nan maƙiyanta uku ne a gidan nan: akuya, kaza, da ke. Ki kore mini biyun, ta ukun kuma ta riƙe hannunta." Ta shiga ɗakin Inna yi wa jariri wanka ta bar ni. Ga ni da sabon zane, ga lalle ya kama ja wur, ga kwalli har kunne, ina gadin tudun ƙaiƙayi. Da farko aikin ya yi daɗi, don akuyarmu mai taurin kai ce, ta zo ta gabas in kore ta, ta zagayo ta yamma. Maza suka dawo daga Idi, Baba ya shige zaure da masu gaisuwa. Can sai kalangu ya tashi daga dandali, ƙawayena Ladi da Asabe suka shigo kirana yawon Sallah, bakinsu duk maiƙo.

"Ke kuma lafiya? Gadin shara aka ba ki ranar Sallah?" in ji Ladi.

Na ce ba shara ba ce, abincin baƙi ne yake dahuwa a ciki. Asabe ta durƙusa ta dafa tabarmar, ta kai hanci ta shinshina, ta kalli Ladi, suka tuntsire da dariya.

"Sanyi ƙalau! Wallahi tafin ƙafata ya fi shi zafi. Ina wutar?"

"Babu wuta."

"To ku gaida baƙin Birnin Kudu. Ku ce su zo da haƙoran kirki."

Suka fita suna tafi, suka bar ni da maganar. Na dafa tabarmar ni ma. Gaskiyarsu, babu ɗumi ko kaɗan. Ban san cewa wannan sanyin na waje shi ne shaidar zafin bai gudu ba, wa zai gaya mini? Ni abin da na sani tun da na buɗe ido, abinci da wuta yake nuna. Na tuna waken da bai fashe ba. Na ga Goggo Hansai tana tauna shi garas garas, ta ture akushi, ta ce wa Inna tashi ki haɗa kayanki. Rana ta kai tsaka, zuciyata ta ce mini Kaka tsufa ne ya sa ta manta, kuma in ban taimake ta ba babu mai yi. An ce kada in buɗe, to ba zan buɗe ba, wuta kawai zan kai wa tukunya inda take. Na leƙa, babu kowa a tsakar gida. Na je jikin bango na zare icen marke ɗaya daga damin ƙarshe, na can ƙurya, wai don kada a gane. Na tona tokar murhu na ɗebo garwashi a kasko. Na ɗaga gefen tabarma, na yi ɗan gurbi a cikin ƙaiƙayin, na juye garwashin, na ɗora icen a kai, na yi ta hurawa har ya kama. Na mayar da tabarma na zauna ina jin kaina wata babba.

Shi ƙaiƙayi ba ya tashi da harshe, ci yake yi a ɓoye. Kafin in ankara wani farin hayaƙi mai kauri ya fara fitowa ta ƙarƙashin tabarmar, gefen zanen ya yi baƙi. Ga danga ta kara a kusa, bayan dangar ga rumbu. Akuya ce ta yi kukan da ya fito da Kaka. Baba ma ya taso daga zaure yana ɗingishi, ya sunkuci tulu zai kwara.

"Kada ka zuba!" Ban taɓa jin muryar Kaka haka ba. "Ka zuba ruwa ka kashe mini tukunya. Ƙasa! Ɗebo ƙasa!"

Ta fizge tabarmar ta jefar. Ta sa hannu ta cire icen yana ci, ta soka shi cikin ƙasa. Sannan ta durƙusa, da kaskon nan da tafin hannunta, ta yi ta yaɓe ƙaiƙayin da ya kama tana turawa gefe, Baba yana bin sa da ƙasa, ita kuma tana lallaɓa sauran kada tukwanen su ga iska. Ko sau ɗaya ba ta bari murfi ya bayyana ba. Da wutar ta mutu ta ɗebo sabon ƙaiƙayi ta cike gurbin, ta cire mayafinta ta rufa. Sai a lokacin ta dubi hannunta. Yatsu uku sun tashi. Baba ya ɗaga tsumagiyar da aka ba ni ta korar akuya, ta ce ya ajiye, yau Sallah. Ta tsuguna a gabana, ina kuka ina cewa na ji sanyi ne a sama, na ji tsoro za a tafi da Inna. Ta ce, "Ke wuta kika sani, takwara. Wuta ta gama nata tun da hantsi ta tafi. Zafin da ta bari nake kiwo, shi kuwa ba a tayar masa da hankali." Ta ɗauki icen nan mai baƙin kai, ta karkaɗe ƙasar, ta je ta mayar da shi cikin damin ƙarshe ta ɗaure. Ta san daga inda ya fito ba tare da ta tambaya ba.

Ana idar da azahar muka ji kukan mota a bakin gari. Goggo Hansai ta shigo gaba, mata huɗu a bayanta da ƙwaryar tsaraba, Kawu Ila ya tsaya zaure. Tun ba a gama gaisuwa ba idonta ya zagaya gidan. Ya sauka kan murhu: a share, babu tukunya, babu hayaƙi. Ta dubi matan da ta zo da su, ta dubi Kaka.

"Iya, ku nan ba ku ga wata ba ne? Na ga kamar har yanzu azumi kuke."

"Mun gani, Goggon yara. Ku zauna ku sha ruwa, hanya da nisa."

"Ila!" ta ɗaga murya zuwa zaure. "Kada ka yi nisa da motar nan."

Ta shiga ɗakin Inna. Ina bakin ƙofa ina leƙe. Ta karɓi Labaran ta juya shi, ta ajiye. Ta kama hannun Inna ta latsa, ta latsa ƙafa, ta duba bayanta, ta tambaye ta ko an taɓa tsallake mata wanka. Inna ta ce ko sau ɗaya. Goggo ta fito ta zagaya bayan ɗaki, na bi ta. Ta tsaya gaban damman nan tana nuna su da yatsa, leɓenta yana motsi. Goma sha biyu, ga rabin na ranar a gefe yana jiran yamma. Ta sake ƙirgawa. Na ga abin da ke ranta: itacen wanka ya cika, to lallai sun ƙi girki ne, baƙi za su koma da yunwa, ita kuma ta samu abin faɗa.

Sai Kaka ta ce in kawo akusa da mara. Ta nufi kusurwar katanga, duk idanu suka bi ta. Ta yaye mayafi, ta fara ture ƙaiƙayi da hannunta mai lafiya. Ɗaya daga cikin matan ta ce a hankali, "Me tsohuwar nan take tono?" Ni kuwa ban san ko ɓarnata ta shiga ciki ba. Wuyan tukunya ya bayyana. Ta kai hannu ta janye da sauri, ta nemi tsumma. A nan na fara sakin numfashi. Ta ɓamɓare ƙullun da ya bushe, ta ɗaga murfi. Jama'a, tururin da ya tashi sai da ya rufe mata fuska. Ƙamshi ya cika gidan har Kawu Ila ya leƙo daga zaure. Shinkafar nan ta nuna ƙwaya ƙwaya, ba ta caɓe ba, ba ta kama gindi ba, waken kuwa kana taɓa shi yake narkewa. Ta buɗe ta biyun. Zakaran da ya shekara huɗu yana tsere wa yaran unguwa, ta sa mara ta ɗago cinya, naman ya zame ya bar ƙashi. Na tsaya da akushi a hannu na manta da miƙawa. Tun hantsi babu wuta, babu mai fifita, babu mai juyawa, a cikin abin da muke zubarwa bayan shiƙa. Na taɓa jin labaran waliyyai a bakin malamin allonmu, amma ranar ce na fara ganin abin da ya fi ƙarfin hankalina, kuma kakata ce ta yi shi da hannu mai ƙuna.

Aka zauna aka ci. Goggo Hansai ta cinye, aka ƙara mata, ta siɗe yatsu. Sannan ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Iya, wa ya koya miki wannan?"

"Uwata. Ita kuma rashi ne ya koya mata."

"Hannun fa?"

Kaka ta juya hannun ta duba kamar yanzu ta gan shi. Ta ce, "Aikin Sallah ne."

Da la'asar ta hura rabin damin nan, ta ɗora ruwan da ya yini a rana. Da ya tafasa Goggo ta taso da kanta ta tsoma ɗan yatsa, ta fizge tana salati, matan suka yi dariya. Ita ta karɓi ganyen ta yi wa Inna wankan yammacin. Da za su tafi na tsaya jikin ƙofar Inna na riƙe labule, ina jiran a ce ta fito. Goggo ta zo ta wuce ni, ta leƙa ta ce wa Inna, "Zauna ɗakinki, kina hannu nagari." A bakin zaure kuma ta ja ta tsaya, ta ce wa Kawu Ila ya karɓi buhu a cika mata da ƙaiƙayi. Wai na kajinta ne. Kaka ta ce a cika mata biyu, ai kajin Birnin Kudu suna da ci.

Damman suka yi ta raguwa ɗaya ɗaya, inuwarsu tana gajarta a jikin bango. Ranar arba'in da yamma, wankan ƙarshe, itace ya ƙare ruwa bai gama tafasa ba, yana ta ɗan motsi a gefe. Saura ice ɗaya a ƙasa, mai baƙin kai. Kaka ta ɗauka ta miƙo mini. Ta ce, "Ungo naki. Yau ce ranarsa, sa shi da hannunki." Na tura shi cikin murhu. Marke ne, ya kama, ya ci a hankali, ruwan ya tashi yana juyi. Da na ƙone shi ranar Sallah, da wankan ƙarshe na Inna bai tafasa ba. Ba ta faɗa mini haka ba, ta bar ni na gani.

Yau ina Birnin Kudu gidan ɗana, garin da na taɓa jin tsoron sunansa. Labaran ɗan mitsitsin nan yana da jikoki. Dajin da Baba yake saro marke ya zama gonaki, ƙaiƙayi ma inji ke watsar da shi a bakin hanya. Girki a kan gas ake yi, a murɗa ya kama, a murɗa ya mutu, kuma da sanyi ya shigo aka fara bukukuwa da baƙi, ba ka jin komai a gidan sai kukan tsadarsa da ta gawayi. Bana jikata Zainab ta ɗora wake, na ga ta bar shi yana ta tafasa tana danna waya. Na ce ta sauke. Na sa aka kawo mini kwando da tsohon bargo da buhunan da babu komai, na naɗe tukunyar, na ce kowa ya tafi harkarsa. Ba ta jima ba ta dawo ta dafa bargon, ta ce, "Hajiya, wallahi sanyi ƙalau, bari in mayar kan wuta." Na riƙe hannunta. Na ji yatsun nan uku na Kaka a cikin nawa, masu tabon da ta tafi da shi kabari ba ta taɓa gaya wa kowa dalilinsa ba. Na ce, "Zauna nan kusa da ni, ki riƙe hannunki." Ta zauna tana gunaguni, muka jira tare.

Wutar gidanmu na Sara ta mutu da daɗewa, amma ni har yau zafinta nake kiwo.